Tafazzul Miyan da Kwaɗon Albasar Ranar Suna

A tsohuwar unguwar Bhopal, a lungun da ke bayan kasuwar teloli, babu wanda bai san Tafazzul Miyan ba, domin ko ba ka nemi saninsa ba shi zai neme ka. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana duba tikiti a jirgin ƙasa. Da ya yi ritaya sai ya dawo gida da akwati ɗaya, da tumbi, da labaran da ba su ƙarewa. A faɗarsa, babu tashar da bai ci abincinta ba daga Bombai har Kalkata, saboda haka babu kukun da zai gaya masa wani abu a kan girki. Gaskiyar magana kuwa, ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. Matarsa Shagufta ta ce rabonsa da shiga kicin tun ranar da kyanwa ta ja masa takalmi ciki.

To, sai 'yarsu Rukhsar ta haifi ɗa namiji, jikansu na fari. Aka sa suna ranar Lahadi, aka kafa rumfa a tsakar gida, aka ɗauko Ustad Kallan, tsohon kukun da duk unguwar ke kira in ana hidima, ya zo ya dafa biriyani, wato dafa-dukar shinkafa mai kayan ƙamshi, da nama. Abin da ya hana Tafazzul sukuni shi ne, kakan yaron na wajen uba zai zo daga Lakhnau. Sunansa Hakim Wajahat, mai maganin gargajiya ne, siriri, mai farar riga, mai maganar da ko zagin ka ya yi sai ka ce masa na gode. Ranar bikin Rukhsar an tambaye shi yaya ya ji abincin Bhopal, ya yi murmushi ya ce, "Ma sha Allah, yana ƙosarwa." Shekara biyu ke nan kalmar tana cin Tafazzul a zuciya.

Da safiyar sunan, Tafazzul ya tsaya kan Ustad Kallan yana goye da hannu.

"Ustad, wa zai yi kwaɗon albasar da za a ci da biriyanin?"

Kallan bai ko ɗago ba, ya ce, "Mata za su yanka in lokaci ya yi. Abin minti goma ne."

"Minti goma! To shi ya sa mutanen Lakhnau suka raina mu. Biriyani jiki ne, Ustad, albasa ce ransa. A tashar Jhansi na ci wani kwaɗon albasa da aka yanka siriri har kana iya karanta jarida ta cikinsa. Na tsaya na ga yadda aka yi da idona. Yau ni zan yi."

Shagufta ta leƙo daga ɗaki da ludayi a hannu. "Baban Rukhsar, don girman Allah je ka tari baƙi. Aikinka ke nan."

"Ke dai tsaya ki sha kallo. Yau Hakim Sahab zai koma Lakhnau yana lashe yatsu har ƙofar gidansa."

Kallan ya ce, "Ni dai biriyanina na sani. In an zo shari'a, ba ni ciki."

Tafazzul ya nufi kasuwa. Mai albasa ya nuna masa ƙananan jajaye sababbin cira, ya ce su ake ci ɗanye, ba su da zafi. Tafazzul ya yi dariya ya ce shi ba ya sayen abin da sai an sa tabarau kafin a gan shi. Ya zaɓi manya-manya, tsofaffi, waɗanda suka sha ajiya har ɓawonsu ya yi ƙaraurau, kowace kamar kan jariri. Rabin buhu ya sa aka kawo masa a keke.

Bai yarda ya zauna a kicin ba, don a can babu mai ganinsa. Kan dakalin ƙofar gida ya shimfiɗa tabarma, ya ajiye daro a gabansa, ya ƙi wuƙar Shagufta, ya ɗauko wata doguwa ta gado da mahaifinsa ya bari, wadda rabonta da dutsen wasawa tun kafin a haifi Rukhsar. Banwari tela, maƙwabcinsa na daura, yana shirin buɗe shago, ya ce masa ya yi hattara da idonsa.

Tafazzul ya ce, "Banwari, albasa raggon namiji take sa wa kuka. Ni da na yi shekara talatin da ɗaya cikin hayaƙin jirgi ko ƙifta ido ban yi ba?"

Banwari ya shige shagonsa. Albasa ta farko ta bar Tafazzul yana ƙiftawa. Ta biyu ta sa hancinsa zuba. Kafin ya kai ta shida, hawaye sun jiƙa gemunsa, sun gangaro kan rigar sunan da aka goge masa, kafaɗunsa na rawa, yana jan numfashi kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Ya kai hannu ya share ido, da hannun da ke riƙe da albasa. Sai ya saki ƙara.

Banwari ya fito da gudu, awo rataye a wuya. Ya ga rumfa an kafa, ya ga maigida zaune a ƙofa yana rusa kuka.

"Miyan! Lafiya? Me ya faru?"

Tafazzul ya buɗe baki, tari ya sarƙe shi. Da ƙyar ya ce, "Tsohuwa ce, Banwari... tsohuwa ce... ban san yau za ta yi mini haka ba."

"Wayyo! Yaushe?"

"Yanzun nan... a hannuna."

Tsohuwa ɗaya ce a gidan, Dadi Zaitun, mahaifiyar Tafazzul, mai shekara casa'in ba biyu. Banwari ya ɗora hannu a ka ya ruga. Kafin Tafazzul ya samu idonsa ya buɗu, lungu ya cika. Mata sun taho da mayafai suna salati, Kamla matar Banwari tana gaba tana faɗin jiya-jiyan nan Dadi ta zage ta da ƙarfinta, ashe bankwana ne. Liman ya iso yana gyara hula, ya dafa kafaɗar Tafazzul.

"Haƙuri, Miyan. Ranar farin ciki da ta baƙin ciki duk na Allah ne. Ƙarfe nawa za a yi mata wanka?"

"Wanka? Ai sai na gama yanka ta tukuna za a jiƙa ta."

Liman ya ja da baya taku biyu.

Ana cikin haka sai ga Dadi Zaitun ta fito dogare da sanda, tana taunar ganyen pan, wanda ake tauna kamar goro, bakinta ja wur, ta zo ganin masu hayaniya a ƙofar gidanta. Kamla ta ƙwalla ihu ta faɗa kan wata mata. Da Dadi ta gane abin da ake ciki, sai ta ɗaga sandar.

"Ni kuka kashe? To ku koma, sai na binne rabinku! Kai kuma Taffu, da gemunka fari ka zauna a titi kana kuka wa albasa? Ranar da ubanka ya rasu ma ba ka zubar da rabin wannan ba."

"Ammi, ba kuka ba ne. Idona ne ke wanke kansa."

"To in ya gama, ya wanke maka kan ma."

Mutane suka watse suna dariya, amma ba nisa suka yi ba. Kowa ya samu inda ya raɓe, don an ga alamar abin bai ƙare ba.

Mai hankali da nan ya miƙa wuƙa ga mata. Tafazzul kuwa cewa ya yi dabara ce ta rage. Ya shiga soro ya ɗauko hular kwanon mijin Rukhsar da ke rataye kan babur, ya kifa a ka, ya sauke gilashin, ya koma kan dakali. Yaji ya daina shiga idonsa, gaskiya ne. Sai dai zafin rana da numfashinsa suka rufe gilashin da tururi, ya zamana yana yanka ne da laluben hannu. Albasar da za a karanta jarida ta cikinta ta riƙa faɗowa daro kamar awarwaron amarya, wata ma kamar tayar keke.

Banwari ya ɗauki guda ya ɗaga ta sama. "Miyan, wannan ai ba jarida ba, ko liman ya tsaya a bayanta ba za ka gan shi ba."

Muryar Tafazzul ta fito daga cikin hula kamar daga tulu. "Salon Jhansi ke nan. Kai almakashi ka sani."

Bai rufe baki ba wuƙar gado, wadda ta yini tana ƙin albasa, ta samu yatsansa ta karɓa da farin ciki. Ya yi tsalle, hular ta bugi saman ƙofa, ya dawo zaune. Shagufta ta fito ta naɗe masa yatsan da filasta, tana danne dariya, abin da ya fi yankan yi masa ciwo.

"Faɗi abin da ke bakinki," in ji shi.

"Ni? Ai kallo ka ce in sha. Ina sha."

Da aka gama yanka, Tafazzul ya tuna cewa a Jhansi cikin ruwan sanyi suka jiƙa albasar don zafinta ya fita. Ya kinkimi daro ya zagaya bayan rumfa, sai ya tarar da ƙatuwar tukunyar tagulla cike da ruwa, ƙanƙara na yawo a ciki. Ya ce lallai Allah yana tare da mai niyya. Ya juye albasar duka a ciki, ya tsaya yana fifita da jarida har kusan rabin sa'a, sannan ya tsame ta tas da matsami, bai bar ko zobe ɗaya ba, don shi mutum ne mai tsafta. Ya tafi da daronsa. Bai jima da barin wurin ba 'yan'uwan Shagufta suka zo da sukari da ruwan wardi da madara, suka juye cikin tukunyar, suka motsa. Ashe ruwan sharbat ne, abin shan da za a ba baƙi.

Sai haɗi. Tafazzul ya nannaɗe hannun riga. Ya watsa gishiri da tafin hannu, ya ga albasar da yawa, ya ƙara, ya sake ƙarawa don kada a ce gidan Bhopal ana rowa. Ya tafi neman lemun tsami, ya tsaya a hanya yana ba wasu baƙi labarin yadda ake yi a Jhansi. Da ya dawo, gishiri ya tsotse albasar, ta yi laushi ta kwanta cikin ruwanta kamar tsumma a bokiti. Ya ɗanɗana, fuskarsa ta tattare.

"Ustad, in gishiri ya ɗan yi yawa, me ake yi?"

Kallan ya ce, "A gidan wa?"

"Tambaya ce kawai ta ilimi."

"Ana zubarwa a sake."

Tafazzul ya ce wannan shawarar ragwaye ce. Ya matse lemun tsami ashirin don ya kashe gishirin. Tsami ya yi yawa, ya zuba sukari don ya kashe tsamin. Sai ya ga abin ya yi fari fat kamar marar lafiya, alhali na Jhansi ja ne. Ya laluba kayan Kallan ya ga gwangwani biyu na jan barkono. Ɗaya mai ba da launi ne kawai, ɗayan kuwa shi ne wanda Kallan ke ɗiba da bakin cokali don tukunyar mutum ɗari. Tafazzul ya zaɓi wanda ya fi ƙamshi, ya zazzage rabinsa. Ya sa hannu biyu ya cakuɗa har gwiwar hannu, ya watsa ganyen na'ana'a a sama. Da ya sake ɗanɗanawa bai ji komai ba, domin harshensa ya riga ya mutu tun ɗazu, hancinsa kuma a toshe.

"Yauwa," in ji shi. "Yanzu komai ya daidaita."

Bayan azahar baƙi suka zauna layi-layi a kan darduma, aka shimfiɗa ledar cin abinci. Hakim Wajahat yana tsakiya cikin farar rigarsa, 'yan'uwansa na Lakhnau a dama da hagu. Aka kawo biriyani, ƙamshinsa ya cika rumfa. Tafazzul ya hana kowa taɓa daronsa, shi da kansa ya bi layi yana tsoma cokali yana tula wa kowa a gefen faranti.

"Ku ci a hankali, jama'a. Irin wannan ba a samun sa a kowane gari. Hakim Sahab, kai baƙo ne na musamman, cokali uku."

"Kana kunyata ni da karamci, Miyan," in ji Hakim.

Tafazzul ya miƙe ya ɗaga hannu zai fara jawabi, sai idonsa ya sauka kan yatsansa. Yankan na nan. Filastar babu.

Ya leƙa daro, babu. Ya duba aljihu, ya duba ƙasa. Sai ya durƙusa ya fara bin faranti ɗaya-ɗaya da cokali yana tona albasar mutane.

"Miyan, me kake nema?" in ji liman.

"Gyara nake yi. Ido ke fara ci kafin baki."

Bai kai faranti na biyar ba aka yi bisimilla. Daga nan wani dattijo a ƙarshen layi ya fara tari. Liman ya cire hula yana fifita harshe da ita. Banwari, wanda aka ba shi nasa farantin na kayan lambu a gefe don ba ya cin nama, ya miƙe yana zagaya turken rumfa yana kiran sunan uwarsa. Wani daga cikin 'yan Lakhnau ya buɗe baki zai yi magana, hawaye kawai suka fito.

"Sharbat! A kawo sharbat!"

Aka shigo da kofuna a tire, jan ruwa mai sanyi yana raɓa. Kowa ya wawura ya kafa kai. Madara da wardi da sukari, sannan daga ƙasa, a hankali, rabin buhun tsohuwar albasa ya taso ya gaishe su. Wani ya fesar da nasa a bayan na gabansa. Daga ɓangaren mata aka ji muryar Dadi Zaitun ta keta labule.

"Wa ya wanke ƙafa a cikin sharbat?"

Duk wannan abin Hakim Wajahat bai motsa ba. Yana zaune a miƙe, yana tauna a hankali, fuskarsa ta yi ja, hawaye na bin kumatunsa suna ɗiga kan farar riga, amma murmushinsa na nan. Ya daɗe yana taunar wani abu da ya ƙi taunuwa. Can sai ya kawo hankici ya rufe baki, ya ciro abin, ya duba, ya naɗe shi da kyau kamar kyauta, ya miƙa wa Tafazzul da hannu biyu.

"Miyan, ina jin wannan naka ne. Na so in haɗiye don kada in ɓata maka rai, amma ta ƙi wucewa."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da Tafazzul ya gode mata. Ya karɓi hankicin, bakinsa ya buɗe da kansa, don bai saba shiru ba.

"A Jhansi..."

"Taffu!" in ji Dadi daga bayan labule. "Ka ƙara ambaton Jhansi, in fito da sanda a gaban surukanka."

Rumfa ta fashe da dariya, masu tari na dariya, masu kuka na dariya. Ustad Kallan ya zagaya yana kwashe kwaɗon daga faranti yana faɗin a shaida shi biriyani kawai ya dafa. Shagufta da 'yan'uwanta biyu suka zauna da ƙananan albasar da ta aika aka sayo tun da hantsi ba tare da ta gaya wa kowa ba. Kafin a sake zuba ruwan sha, sun yanka ta siriri, sun ɗauraye, sun yayyafa gishiri kaɗan da lemo da ɗan barkono. Aka ci biriyani aka side faranti. Shi kuwa daron Tafazzul, aka ajiye wa akuyar Kamla a bakin kwata. Ta sunsuna, ta yi atishawa sau biyu, ta ja igiyarta ta koma gida.

Da la'asar wanzami ya zo aske kan jariri. Aka ce kakan wajen uwa ya karɓe shi ya riƙe, tunda a gidansa ake. Tafazzul ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya zauna, ya gyara riga, zuciyarsa ta ɗan dawo. Rukhsar ta ɗora masa yaron a hannu. Jaririn ya motsa ɗan hancinsa, ya yamutsa fuska, ya tsandara kukan da tun haihuwarsa ba a ji irinsa ba. Aka ɗauke shi, ya yi shiru. Aka mayar, ya dasa daga inda ya tsaya.

Rukhsar ta ce, "Abba, yi haƙuri. Hannunka ne."

Haka aka miƙa yaron ga Hakim Wajahat. Ya lafe a ƙirjinsa ya yi barci, wanzami ya yi aikinsa, aka yi addu'a aka shafa.

Tafazzul ya koma kan dakali, hannayensa biyu cikin kwanon ruwan lemo da Shagufta ta ajiye masa, suna zugi. Da baƙi za su tafi tasha, Hakim ya tsaya a gabansa, ya sunkuya ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Miyan, shekara goma sha biyu hancina na hagu a toshe yake. Babu maganin da ban haɗa ba. Yau ya buɗe. In ba damuwa, ka rubuta mini yadda ka yi."

Tafazzul ya dube shi, ya rasa yabo ne ko yanka. Ya dubi Banwari da ke ƙunshe dariya a ƙofar shago, ya dubi hannayensa da suka yi ja kamar an yi musu lalle. Sai shi ma dariyar ta ƙwace masa.

"Hakim Sahab, wallahi da na san yadda na yi, da ban yi ba."